Yadda muka sake ɗaura aikin tsofaffi bayan jinyar Baba

Aikin namu tun asali ba wani babba ba ne. A 2019, mu 'yan kaɗan da muke zama bayan sallar isha'i a wani masallaci tsakanin Unguwar Rogo da Titin Bauchi a nan Jos, muka lura dattawan da muka taso muna gani a sahun gaba suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, alhali ba a yi sanarwar rasuwar kowa ba. Wani ƙafa ce ta ƙi, wani ido, wani hawan jini ya kayar da shi ya koma ɗaka, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa sai ranar da ladan ya ce a fito jana'iza. Muka sayi babban littafi mai kauri irin na rajistar makaranta, da na'urar awon jini guda biyu, muka riƙa bin gidaje ranar Asabar da hantsi. Mu rubuta suna, mu auna jini, wanda nasa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura mu dawo wani makon mu sake aunawa, in bai sauka ba mu matsa wa 'ya'yansa su kai shi asibiti. In sanyi ya matso mu yi karo-karo mu sayo barguna da rigunan sanyi na gwanjo a Katako. Ni aka ba riƙon littafin, saboda malamin makaranta ne ni, wai rubutuna ya fi karantuwa. Kullen korona na 2020 ya tsayar da mu, muka dawo, abin yana tafiya a hankali.

Ƙarshen 2022 sai ga shi a cikin gidanmu. Baba ya fito alwalar asuba, buta ta suɓuce masa, da ƙanena ya ɗago shi sai ga baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta sarƙe. Maƙwabta na cewa a kira mai ruƙiyya, iska ce ta buge shi, mu kuwa muka tari Keke muka nufi asibiti. Hoton kai ya nuna jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye har da harshe. Mutumin da ya ci abinci da bakinsa duk rayuwarsa, tun yana da rumfa a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002 har ya koma sayar da kayan gwari a Farin Gada, ya dawo kalma ɗaya ce ke fita: "to". Da ita yake cewa e, da ita yake cewa a'a, da ita yake yi mana faɗa.

Da aka sallamo mu, maganar wanda zai yi jinya ta taso. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Inna, matar Baba, ita ma gwiwa ta cinye ta, ba ta iya ɗaga shi. 'Yan'uwana mata suna ɗakunansu a Kano da Bauchi, su zo su yi mako su koma. Maiɗakina ta ɗauki girki da wanki ba dare ba rana, amma ai ba a ce matar ɗa ta yi wa surukinta wanka ko tsarki ba. Shi ma in ya hango ta doso ƙofa jikinsa a buɗe, sai ya kama zane da hannun hagu yana "to, to, to". Saura ni da ƙanena, maza biyu da ko jariri ba mu taɓa yi wa wanka ba.

Wadda ta koya mana aikin wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, wadda Baba ya daɗe yana ware mata dankalin Turawa da kabeji masu kyau a kasuwa. Kirista ce, tana zaune a Tudun Wada, duk muna ce mata Mama Sista. Ranar da ta fara zuwa ta dube ni ta ce, "Malam, shanyewar ta riga ta yi nata. Abu biyu za ka tsare masa yanzu, bayansa da maƙogwaronsa." Ta sa muka juya shi a gabanta, ta nuna mana wuraren da ƙashi ke tokare fata: ƙugu, saman ɗuwawu, dunduniya, kafaɗa, idon sawu. Ta danna wani ɗan jan wuri da yatsa ta ɗage. Ta ce in ya yi fari ya koma ja, da sauƙi. In ka danna bai canza ba, gyambo ne ke tafe, kada a ƙara kwantar da shi ta nan. Duk bayan awa biyu a juya shi, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, dunduniya kada ta taɓa katifa, zanen gado kada ya tattare ko ya kwana da lema. Abinci kuwa sai an zaunar da shi sosai, cokali kaɗan-kaɗan, kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya gare shi, kuma bayan ya gama a bar shi zaune kamar rabin awa. Wanda ke ƙwarewa in abinci ya bi hanyar iska, huhu yake sauka.

A haka muka shiga ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, kana da kuɗi a banki amma mai kyamis ya ce tura kuɗi ba ta shiga. A haka aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin Keke zuwa wurin gashin ƙashi ya tashi, pampas ɗin manya ya zama abin da ake ƙirgawa. Yayana da ke Abuja ya aiko da keken guragu da katifar iska mai injin hurawa, wadda ba ta da amfani in ba wuta, wutar kuwa kowa ya san halinta. Ni da ƙanena muka raba dare, shi daga isha'i zuwa ɗaya, ni daga ɗaya zuwa asuba, in yi wanka in tafi aji. Gyambo bai taɓa kama Baba ba har ya koma ga Allah, wannan kam ina faɗa da bakina. Ƙirji ne ya kama shi a daminar 2024, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Duk wannan lokacin littafin yana cikin durowa. Abokan aikin sun ɗan ci gaba da awon jini, batir ya ƙare, ɗaya ya samu aiki ya bar gari, abin ya mutu ba tare da wani ya ce an daina ba. Bayan an tashi daga zaman makoki ni ma ban yi marmarin komawa ba. Warin Izal kawai in na ji a gidan wani sai zuciyata ta tashi. Jikina ya saba da farkawa ƙarfe ɗaya, ƙarfe uku, in zauna bakin gado ba abin yi. Ɗakin Baba kuwa Inna ta ce kada a taɓa komai sai ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ba wanda ya yi mata musu.

Wani makaniken unguwarmu ne ya sake ja na ciki. Ya yi sallama da ni bayan magariba, ya tsaya yana ta juya hula a hannu, can ya ce, "Malam, an ce kai ka iya ɗaga mara lafiya. Tsohonmu ne, in mun ɗaga shi sai ya yi ta ihu." Na bi shi. Ta hammata suke ciccibarsa, suna jan hannun da ya shanye, kafaɗar har ta saki. Na nuna musu yadda ake naɗe zane a ƙarƙashinsa mutum biyu su kama gefe da gefe, da yadda ake tallafe hannun da matashi. Ina fitowa na ji ƙafafuna na rawa, amma washegari na ciro littafin.

Abu na farko shi ne tantance sunaye. Na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, muna so mu dawo da aikin nan, amma sai an san wa ke nan wa ya tafi." Ya sa aka kira ladan, don ba wanda ya kai ladan sanin mamatan unguwa. Muka zauna a zaure ina karanto suna yana amsawa. "Ya rasu da azumi." "Wannan 'yarta ta ɗauke ta zuwa Bukuru." "Yana nan, amma bai san inda kansa yake ba." Shafi bayan shafi ina jan layi da jan biro, har na daina ɗaga kai. Daga nan muka shiga gidajen da suka rage. Zagayen ya ɗauki lokaci fiye da yadda muka tsara, don duk gidan da na shiga sai an fara yi mini gaisuwar Baba, ni ma in yi musu ta nasu da ban samu zuwa ba, a yi addu'a, a kawo ruwa. Ba a gaggauta irin wannan.

Tambayoyin da nake yi yanzu sun bambanta da na da. Na buɗe sabon shafi ga kowane gida, a sama sunan tsoho, a ƙasa sunan mai jinyarsa, kuma yawancin tambayoyin na mai jinyar ne. Wa ke kwana da shi? Wa ke juya shi? Yaushe rabonki da barcin dare cikakke? In za ki kasuwa ko biki wa kike bar wa? Daga gado zuwa makewayi taku nawa, akwai dakali ko dutse a hanya? Na'urar awon jini muna nan muna amfani da ita, har ma a hannun masu jinyar, don ba sau ɗaya ba muka tarar jinin matar da ke jinya ya fi na tsohon da ke kwance hawa.

Akwai gidan da ba na mantawa a Gangare. Dattijon tsohon leburan kuza ne, cikin waɗanda iyayensu suka zo Jos haƙar ma'adini tun zamanin Turawa, kasuwar kuza ta faɗi a 1985 suka watse ba fansho ba komai. 'Ya'yansa maza biyu suna nan a gari, ɗaya direba ɗaya ɗan kasuwa, suna kawo cefane da magani ba fashi. Matarsa, wadda ita ma ta tsufa tukuf, ita ke fama da shi. Ɗakin a share tas, an turara shi da turaren wuta, amma ƙarƙashin turaren akwai wani wari da na sani. Na ce, "Iya, a yi mini izini in duba bayan Baba." Ta yi shiru, ta ce, "Ɗan nan, ai na sa masa magani." Da muka juya shi, gyambo ne a saman ɗuwawu mai faɗin tafin hannu, an cusa masa garin kafso da toka. Ta ce ba ta gaya wa 'ya'yan ba, kada su ce ba ta kula da ubansu. Su kuma ba su taɓa buɗe zanen ba, kunya ta hana. Kowa a gidan yana ƙaunar tsohon nan, ga shi yana ruɓewa a tsakiyarsu. Ranar muka kira babban ɗan, aka kai shi asibiti aka yanke mataccen naman aka fara wanki.

Daga wannan gida na tabbatar da abin da na daɗe ina zargi tun ina jinyar Baba. Tsohuwa in ta kwanta, akwai 'ya, akwai matar ɗa, akwai jika, akwai maƙwabciya. Tsoho namiji in ya kwanta, hannun da ya halatta ya taɓa jikinsa kaɗan ne: matarsa, in tana da rai da ƙarfi, sai 'ya'yansa maza, waɗanda tun safe sun fita nema kuma ba wanda ya taɓa koya musu. Mu maza mun ɗauka in mun biya kuɗin magani mun sauke nauyi. Na faɗi haka a taronmu na farko, wasu ba su ji daɗi ba, amma ba wanda ya ce ƙarya ne.

Maganar kuɗi ta ɗan ja mu. Asusun da muka buɗe a banki ya kwanta saboda daɗewa ba a taɓa shi ba. Aka ce sai mun kawo wasiƙa, da takardar zaman taro, da lambobin BVN da NIN na masu sa hannu, kuma ɗaya daga cikinsu yana Abuja, sai da muka jira ya zo hutu. Da aka buɗe, kuɗin suna nan yadda muka bar su, amma ba za su sayi rabin bargunan da za su saya a da ba. Wani matashi a cikinmu ya kawo shawarar mu yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC don mu iya neman tallafi daga waje. Muka bincika: dokar kamfanoni ta 2020 tana son a naɗa amintattu, a rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan duk shekara a kai rahoto. Ni na ce a dakata. Kuɗin lauya da jarida kaɗai za su sayi kujerun bahaya da yawa, kuma ban ga amfanin takardar shaida a bango ba alhali ba mu da ko mutum ɗaya da ya iya juya mara lafiya. An yi gardama, aka bar shi sai gaba. Yana iya yiwuwa matashin ne ke da gaskiya nan da 'yan shekaru.

Da Inna ta fita takaba sai na yi niyyar kwashe kayan jinyar Baba in kai ɗan shagon da ke jikin masallaci, a riƙa ba da aronsu. Na faɗa wa liman a matsayin albishir, sai ya ce, "Tsaya tukuna, Malam. Keken nan wa ya saya?" Na ce Yaya ne. "Ya ba Baba kyauta ko aro?" Na ce kyauta. Ya ce, "To ya zama dukiyar mamaci, gado ne. Sai kowane magaji ya yafe da bakinsa, har da Inna, har da matan da ke nesa." Na ce, "Allah gafarta Malam, har fo da ledar shimfiɗa?" Ya ce har allura. Haka na bi su ɗaya-ɗaya a waya. Kowa ya yafe, ƙanwata ta Bauchi ce kawai ta ce a bar mata bargon da yake rufa da shi. Aka rubuta, aka sa shaidu, kayan suka zama sadaka mai gudana da sunansa.

Keken da sandar tafiya da kujerar bahaya ba su kwana ba aka are su. Katifar iska ce ta zauna. Gida biyu aka kai ta aka dawo da ita, don an ji a kanta mutum ya cika. Ba mu tsaya jayayya ba, muka wanke ta da ruwan bilic, muka sa tela ya ɗinka mata sabuwar riga, yanzu tana gida na uku kuma ba wanda ya tambayi tarihinta. Da labari ya bazu sai ga kaya suna fitowa daga ƙarƙashin gadaje, ashe gidaje da yawa suna da keke ko sanda da mai su ya rasu, an rasa yadda za a yi da su. Kowanne sai mun tambaya ko magada sun yafe. Shi keken guragu ma a unguwanninmu amfaninsa iyakar tsakar gida ne, lungunan Jos duk dutse ne da kwata da hawa da gangara, ba inda zai bi. Abin da ya fi yi wa mutane amfani shi ne kujerar bahaya a gefen gado, da ƙarfen dafawa da wani mai walda yake kafa mana a makewayi a kuɗin ƙarfe kawai, da 'yar fitilar sola a hanya. Tsoho in ya faɗi ya karya ƙugu, da wuya ya koma yadda yake.

Babban aikin shi ne koyar da samari. Na je har gida na roƙi Mama Sista. Wanda ya san Jos ya san abin da ake nufi da tsohuwa Kirista ta riƙa shigowa cikin Unguwar Rogo duk mako, bayan rikice-rikicen da aka yi a 2001 da 2008 da 2010, da yadda gari ya rabu kowa ya koma cikin nasa. 'Ya'yanta ba su so ba. Ta ce musu ta karɓi haihuwar rabin mutanen unguwar, wa zai taɓa ta? Duk da haka mai unguwa ya sa a riƙa ɗauko ta a mayar da ita kafin la'asar ta yi sanyi. Ita ce ma ta ba mu tsarin karɓa-karɓa, ta ce haka zumuntar mata ke yi a cocinsu, a rubuta wa zai je gidan wa a wace rana, a manna a bango, kada a bar shi ga "duk wanda ya samu hali".

A ajin islamiyya muke yi ranar Asabar. Mata da safe, su da Mama Sista da wata ungozoma, maza bayan azahar. Ranar farko samarin dariya suka yi ta yi, don ni na kwanta a tabarma na saki jiki na ce su juya ni. Da suka ji nauyin mutumin da ba ya taimaka maka, dariyar ta tsaya. Ana koya musu juyi, da canza zanen gado mutum yana kai, da wanka a kwance, da yadda ake rufe al'aura a buɗe iyakar inda ake wankewa, da sa safar hannu, da ciyarwa. Liman ya karɓi darasi guda: yadda ake taimaka wa mara lafiya ya yi alwala ko taimama, da sallah a zaune ko a kwance. Wannan darasin ya fi kowane tasiri a wurin tsofaffin. Wani dattijo da ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi, da yaron ya kawo masa dutsen taimama ya juya shi ya fuskanci alƙibla, daga ranar ya sake masa jiki. Muna kuma nanata musu alamomin da ba a jira da su: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, addu'a a yi ta a hanya.

Ta ɓangaren hukuma akwai abubuwa a rubuce. Dokar 2017 ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a Abuja a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka ware wa asusu na musamman. A nan Filato akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, tun 2019. Fannin ne ma sabo a ƙasar, cibiyar farko da aka gina don jinyar tsofaffi zalla sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Mu abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne shigar da tsofaffinmu inshora, a nan muka tarar da yawansu ba su da lambar NIN, ba su san shekarar haihuwarsu ba sai dai a ce "lokacin Sardauna ina saurayi", wasu kuma suna kwance ba sa fita. Masu iya tafiya muna kwasarsu a Keke rukuni-rukuni. Na kwance muna tattara sunayensu ta hannun mai unguwa.

Sanyin Disamba ya zo ya same mu muna tsakiyar wannan. Jos tana bisa tudu sama da mita 1,200, dare yakan yi sanyin da tsoho ba ya iya jurewa, shi ya sa kusan kowane ɗaki akwai kasko da garwashi, an toshe taga da tsumma. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ba shi da launi, ciwon kai ne da jiri da barci, wani ba ya farkawa. Ba mu ce a daina kasko ba, don ba za a ji ba. Mun ce a ɗumama ɗaki a fitar da shi kafin a rufe ƙofa. Masu sa gorar ruwan zafi a ƙafa kuma su naɗe ta da zane, kada su jingina ta da ɓarin da ya shanye, don sau da yawa ba ya jin zafi, sai da safe a ga fata ta saluɓe. Barguna mun raba kaɗan bana, safa da hular sanyi suka fi yawa.

Masu gigin tsufa su ne har yanzu suke ba mu wahala. Akwai wata Hajiya da ke ficewa da sassafe ta nufi bakin Dilimi, wai za ta gidan iyayenta, gidan da babu shi tun kafin a haife ni. Tsoronmu kada ta faɗa ruwa, ko ta ɓulla unguwar da ba a san ta ba a ce mayya ce. 'Ya'yanta sun fara kulle ta, ta yini tana dukan ƙofa. Muka sa aka ɗinka lambar wayar ɗanta a cikin hijabinta, muka bi masu shago da 'yan Keke na bakin layi muka ce duk wanda ya gan ta kada ya yi mata gardama, ya ce, "Hajiya, zo in raka ki," ya zagayo da ita gida. Yana aiki wani lokaci.

Kwanan dare kuwa ba a yin sa don Allah kawai, wannan na gane tun ina yi wa ubana. Saurayin da ya kwana yana juya tsohon wani, gobe ba zai iya fita aikinsa ba. Muka yanke cewa a biya su. Gidan da ke da hali su biya, wanda ba su da shi a cire daga abin da ake tarawa ranar Juma'a, kuma dare biyu kawai a mako muke iya ɗaukar wa kowane gida, don mai jinya ta samu ta yi barci. Wasu dattawan masallaci sun ce kuɗi zai ɓata ladan aikin, liman ya ce lada na nan, haƙƙin ma'aikaci ma na nan. Ba na kwana da kaina, maiɗakina ta ce ta ba da nata kason, kuma ta yi gaskiya. Nawa shi ne littafi da jadawali da zagayen Asabar.

Wanda ya fi kowa hannu a cikin samarin, ƙanen makaniken nan ne. Watan jiya wani Alhaji da ya ga aikinsa ya ɗauke shi zuwa Abuja ya riƙa jinyar mahaifinsa da albashi, ga ɗaki ga abinci. Ba mu hana shi ba, har muka rubuta masa takardar shaida Mama Sista ta sa hannu. Gidaje uku da yake zuwa sun koma jira, biyu daga cikin sauran samarin kuma sun fara tambaya ko akwai wani Alhajin. Mun sa sabon aji bayan ƙaramar sallah, kuma wannan karon na ce kowane gida mai tsoho a kwance ya turo ɗansa na cikinsa, ko da sau ɗaya ne a wata.